Ido Ɗaya Muka Kai Masar

Sai da muka kai Agadas na yarda cewa na zama abin ja. A kasuwar garin ne, da hantsi, ina tafe ina duban gabana kamar kowa, sai na ji na yi karo da wani abu mai gashi ta gefen hagu. Raƙumi ne a durƙushe, da kayansa a kai, ni kuwa ko inuwarsa ban gani ba. Mai raƙumin ya yi ta faɗa da harshen da ban sani ba. Matata Kulu ta ba shi haƙuri da hannu, sannan ta matso ta kama bakin rigata.

"Malam, daga yau ni ka shiga gaba," ta ce. "Kai ka bi sawuna."

Ban yi mata gardama ba.

Sunana Sambo, baduku ne ni, ɗan baduku. Gidanmu yana Ƙofar Rini a birnin Sakkwato. Jar fata nake aiki da ita, ina ɗinka gafakar littattafai da kuben takobi da matasan kai masu zane, irin waɗanda fataken arewa ke so. Mahaifina ya makance da sauran ƙarfinsa, idanunsa garau, ba yana ba hakiya, har baƙo yakan miƙa masa hannu yana zaton yana gani. Mutane suka ce sammu ne. Da na haura arba'in sai na fara ganin wani zobe mai launin bakan gizo kewaye da harshen fitila idan magariba ta yi, kaina yana sara ta gefe guda. In na yi barci in tashi lafiya lau. Haka abin ya yi ta zuwa yana komawa, har ran da ciwon ya taso wa idon hagu da ƙarfi, da amai da komai. Da ya lafa, idon ya tafi.

Babu abin da ba a yi mini ba a gida. An yi ƙaho, an yi hayaƙi, na sha rubutu, an sa mini tozali iri-iri. Daga ƙarshe aka kai ni wurin wani dattijo mai kwantar da yana da allura. Ya juya ni wajen haske, ya duba, ya daɗe yana dubawa, sannan ya mayar da allurarsa cikin kube.

"Wagga ba yana ba ta," ya ce. "Allurata ba ta da abin da za ta kama. In nit taɓa ka, na cuce ka."

Wani Balaraben Gadamas da ke sayen fata a hannuna shi ya fara ambata mini Masar. Ya ce a can suna kiran wannan ciwo baƙin ruwa, kuma ya ji akwai masu maganin ido da ke iya tsayar da shi. A shekarun nan hanyar gabas, wadda alhazai suka saba bi ta Barno da Wadai, yaƙi ya toshe ta. Sai ta hamada. Muka bar yara a babban gida, muka ɗaure mafi kyawun kayan da na ɗinka don su zama guzurinmu, muka shiga ayari. Ni ban so Kulu ta zo ba. Ta ce mini mutumin da ba ya ganin gefensa ba ya ƙetare hamada shi kaɗai, kuma ba shawarata ta zo nema ba.

Daga Agadas muka shiga duwatsun Azbin, daga nan sai rairayi. Ba zan tsaya ba da labarin ƙishi ba, duk wanda ya bi ayari ya san shi. Abin da ya fi damuna shi ne shirun. A Sakkwato ba ka rasa jin luguden mata ko kiran salla daga unguwa zuwa unguwa. A can kuwa sai ƙarar salkar ruwa a jikin raƙumi, sai harshen Buzaye da ba ka fahimta. Nakan rufe ido a kan raƙumi in bi hanyar gidanmu zuwa kasuwa a cikin raina, ina gaida kowa a ƙofar gidansa.

Wannan kewa ce ta jefa mu hannun mutumin Gat. Ran da muka sauka garin, ina zaune a inuwar bango, sai na ji an yi mini sallama da Hausa tsantsa. Mutum ne mai farin rawani da taushin murya. Ya tambayi garinmu, ya tambayi damina, ya san sunayen ƙofofin Sakkwato. Ni da Kulu muka ji kamar ɗan'uwa ya faɗo mana daga sama. Da ya ji abin da ya fito da mu sai ya girgiza kai.

"Masar? Saboda wannan ɗan abin? Ai ƙofar idonka ce ta tsuke, haske ba ya samun hanya. Ina da abin da zai buɗe ta kafin ayarinku ya tashi."

Ya ce ba ya karɓar kuɗin baƙo, sai dai in akwai wani abu na hannu. Muka kwance kaya, ya zaɓi matasan nan masu zanen alharini da gafakar da na fi ji da ita. Ya yi bisimilla, ya karanta abin da ya karanta, ya ɗiga mini wani ruwa daga cikin ɗan tandu. Ba a jima ba sai duniya ta yi fari fat, har ba na iya duban bango. Ya kira Kulu ya nuna mata ɗan baƙin nan na tsakiyar idona, ya faɗaɗa ya kusa cinye sauran.

"Kin gani? Ƙofa ta buɗe. Ku ci gaba da sawa safe da yamma."

Da asuba ayari ya tashi. Kafin rana ta take, ciwon da ya cinye mini idon hagu ya sauka a na dama. Ji nake kamar ana tura basilla ta cikin idon tana fita ta ƙeya. Na yi amai har ba abin da ya rage. Na faɗo daga kan raƙumi.

Akwai wani Buzu mai jan raƙumanmu, sunansa Agali, dogo marar magana, tun daga Agadas ban ji ya haɗa kalma uku da Hausa ba. Shi ya ɗauke ni ya mayar. Da aka yada zango a bakin rijiya ya karɓi tandun daga hannun Kulu, ya sansana, ya ɗanɗana da bakin harshe, ya tofar. Ya tona rairayi ya zuba ruwan duka, ya binne.

"Ba kyau," ya ce.

Ya kafa mini inuwa da bargonsa, ya riƙa jiƙa ƙyalle yana ɗora mini a goshi. Da madugu ya ce a ɗaura kaya, Kulu ta ce ta ga Agali ya je ya zauna a gabansa, sun daɗe suna magana da harshensu, muryar madugu tana tashi, ta Agali tana nan yadda take. Ayarin bai tashi ba sai washegari. Har yau ban san abin da ya faɗa masa ba. Da muka bar rijiyar, daga nasa rabon ruwan ya ci gaba da jiƙa ƙyallen.

Ciwon ya yi kwanaki kafin ya sake ni. Da na buɗe idon sai na tarar gefe da gefe sun tafi, sama da ƙasa sun ragu. Abin da ya saura kamar mai leƙe ta hudar ƙyaure. In ina son ganin fuskar Kulu sai na bi ta kaɗan-kaɗan, goshi tukuna, sannan ido, sannan baki.

Mun rabu da Agali a Gadamas. Na cire layun fata da na ɗinka wa kaina na rataya wa raƙuminsa a wuya. Ya duba, ya gyaɗa kai, ya ja akala ya tafi.

A Tarabulus muka fara ganin teku. Kulu ta tsaya ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ita ba ta ga ɗaya gaɓar ba. Lokacin sanyi ne, sanyi mai ruwa wanda ke shiga ƙashi. Kayan da za mu sayar mu shiga jirgi suna hannun mutumin Gat, ragowar kuma hanya ta cinye. Muka sami wani lungu kusa da masallaci muna kwana. A nan ne na fara tunanin ko a garin nan za mu ƙare, makaho da matarsa, ba wanda ya san asalinsu.

Wata safiya Kulu tana cinikin albasa da hannu, mai albasar ya tsawwala, sai ta yi ƙunƙuni da Hausa ta ce wannan ko albasar zinariya ce. Wata tsohuwa da ke tsugune kusa tana sayar da gasasshiyar gyaɗa ta miƙe tsaye.

"Ɗiyata, sake hwaɗi in ji."

Sunanta Yalwa, muka riƙa ce mata Gwaggo. Tun tana yarinya mahara suka ɗauke ta daga wani ƙauye a ƙasar Zamfara, aka sayar da ita hannu zuwa hannu har bakin teku. Da ubangidanta ya mutu aka 'yanta ta. Ba ta tuna sunan ƙauyen ba, sai dai ta ce akwai tafki da manyan itatuwan gawo. Hausarta ta tsufa a bakinta, wani lokaci sai ta tsaya tana neman kalma kamar mai lalube a ɗaki mai duhu.

Ranar ta kai mu ɗakinta. Ta kwance wani ƙulli da ta ɓoye a ƙasan tukunya, garin kuka ne da ta samu wurin fatake, tana tattalinsa don ranar salla. Ta tuƙa tuwo ta kaɗa miya. Da na kai lomar farko bakina sai hawaye suka zubo mini, daga idon mai gani da wanda ba ya gani. Da muka gama ta tambayi Kulu ko har yanzu mata suna yin waƙa in suna daka. Kulu ta ce suna yi. Tsohuwar ta roƙe ta ta yi mata ɗaya. Kulu ta yi, tsohuwar tana buga cinya a hankali.

Gwaggo ta sama mini aiki wurin wani mai takalma. Ba na iya zane, amma hannuna ya san fata, nakan yanka in yi babban ɗinki da lalube. Kulu tana taya Gwaggo suyar gyaɗa. Haka muka ci sanyin. Duk lokacin da zoben nan ya bayyana a fitila sai in kwanta in rufe ido ina roƙon Allah ya ƙara mini lokaci. Abin da muke tarawa bai kai kuɗin jirgi ko kusa ba. Wata rana Gwaggo ta dawo ta ce mu shirya, ta yi magana da mai jirgin da ke ɗaukar alhazai zuwa Iskandariya. Ta raka mu har bakin ruwa. Sai da ƙasa ta ɓace Kulu ta gaya mini cewa awarwaron azurfar da ke hannun tsohuwar, wanda ba ta taɓa cirewa ba, babu shi ranar.

Daga Iskandariya muka shiga jirgin ƙasa, abin da ban taɓa jin labarinsa ba, ɗakuna ne a jere suna gudu a kan ƙarfe da hayaƙi. Ya sauke mu a Alƙahira. Ban taɓa zaton akwai mutane da yawa haka a duniya ba. Abin da ya kashe mini jiki shi ne makafi. Ko'ina Kulu ta ja ni sai ta ce ga wani da sanda, ga wani mai ido ɗaya, ga yara ƙudaje sun rufe musu ido. Na ce a raina, in maganin yana garin nan, me ya hana su?

Muka nemi babban masallacin karatu, inda aka ce mutanen ƙasarmu suna da wurin zama. A bakin ƙofa na tambayi wani mai sayar da turare hanya da guntun Larabcina, na juya na ce wa Kulu, "Halama nan na anka ce muna." Sai mai turaren ya yi dariya.

"Wannan anka da muna ai daga Sakkwato suka taso. Sannunku da hanya."

Malam Idi ke nan, Bakano, dattijo mai furfura. Hajji ya kawo shi tun yana saurayi, karatu ya riƙe shi, aure ya zaunar da shi. Ya ba mu ɗaki a saman gidansa. Na gaya masa abin da na gani na makafi. Ya ce ciwon ido iri-iri ne, kuma yawancin mutane ba sa zuwa wurin mai magani sai abin ya ƙare. Ya ce ya san wani, su a can suna ce masa hakim, ɗan ƙasar ne amma Kirista, ya yi karatun ido a ƙasar Turawa. Washegari ya rufe tebur ɗinsa ya kai mu, shi ne tafinta.

Hakim ɗin gajere ne mai sanƙo, hannunsa da sanyi. Ya sa na dubi ƙasa, ya ɗora yatsu biyu a kan fatar idona yana dannawa a hankali, kamar mai gwada nunar gwanda. Ya shigar da ni wani ɗaki mai duhu, ya kunna fitila a bayan kunnena, ya leƙa cikin idon ta wani ɗan madubi mai huda a tsakiya. Ya sa na rufe ido ɗaya yana kawo hannunsa ta gefe, yana tambaya yaushe na fara gani. Sannan ya zauna ya yi bayani, Malam Idi yana juyawa.

Ya ce a cikin ido akwai ruwa mai shiga yana fita kullum ta wata 'yar magudana. Tawa magudanar ta tsuke. In ruwan ya rasa hanya sai ya taru, idon ya yi tauri, ya danne jijiyar gani da ke can baya, tana mutuwa daga gefe zuwa tsakiya. Da na ba shi labarin Gat sai ya kama kai. Ya ce duk abin da ke faɗaɗa baƙin ido guba ne ga mai irin ciwona, domin yana ƙarasa toshe magudanar.

"Tambaye shi yaushe ganina zai dawo," na ce wa Malam Idi.

Malam Idi ya tambaya, ya saurara, sannan ya juyo gare ni.

"Ya ce ba zai yi maka ƙarya ba. Jijiyar da ta mutu ba ta tashi. Na hagu ya tafi. Abin da ya tafi a na dama ma ya tafi. Amma abin da ya rage yana iya tsare shi, in Allah ya so. Zai fara da maganin ɗigawa, sannan ya yanka 'yar ƙofa a cikin idon don ruwan ya sami hanya."

Na tashi ban yi sallama ba. Kulu ta biyo ni ta kama rigata kafin in faɗa matakala.

A gida na ƙi cin abinci. Na ce mata, "Mun bar ɗiyanmu, mun ƙetare hamada da ruwa, tsohuwa ta sai da abin hannunta, don a ce min abin da yat tahi ba shi dawowa? Kuma in miƙa idon da yar rage ga wuƙar wanda ba shi salla?"

Kulu tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.

"Wanda yaɗ ɗiga maka guba a Gat da bisimilla yaf fara," ta ce. "Wanga kuwa gaskiya yag gaya maka, ita ta ba ka so. Malam, ido guda munka zo da shi. In mun koma da shi, ni ban yi tahiyar banza ba."

Malam Idi ya hau sama bayan la'asar ya zauna kusa da ni. Bai yi mini wa'azi ba. Ya ce kawai ni da shi mun san wanda ke warkarwa, hakim hannu zai sa. Ya ce in na yarda gobe ma zai rufe tebur.

Muka koma. Hakim bai nuna ya tuna yadda na fita ba. Ya ɗiga mini maganin. Maganin ya sa mini ciwo a gira, duniya ta ɗan dushe, baƙin idon ya tsuke ya koma kamar ƙwayar gero. Da muka dawo washegari ya danna idon ya yi murmushi. Ya kama yatsun Kulu ya ɗora a kan idon hagu da ya mutu, sannan a kan na dama, sannan a kan nata idon. Ya sa ta maimaita har sai da ta ce ta ji bambancin, na hagu kamar tsakuwa, nata kamar dafaffen ƙwai da aka ɓare. Ni ma ya koya mini. Ya ce maganin daga wani wake ake fitar da shi, wanda ke fitowa a ƙasar baƙar fata, can kudu da kogin Kwara wajen bakin teku. Malam Idi ya dube ni, na dube shi. Na zagaya rabin duniya don a ɗiga mini abin da ke tsirowa a bayan gidanmu.

Ranar yankan ya ɗiga wani ruwa dabam wanda ya kashe jin idon. Ina kwance ina ganin hasken taga, ina jin hannunsa, ban ji zafi ba sai nauyi. Malam Idi yana riƙe da kaina yana karatu ƙasa-ƙasa. Ban ankara ba aka ce an gama. Aka ɗaure mini idanu biyu, aka ce in kwanta rigingine, ba tari ba atishawa in zan iya. Kwanakin nan su ne na san makanta ta gaskiya. Kulu ke ba ni kunu a baki, ita ke gaya mini lokacin salla, in yi ta da ishara. Nakan tuna mahaifina, shekarun da ya yi a haka, bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba.

Da aka kwance ɗaurin, sai hawaye da dishi-dishi. Hakim ya ɗaga yatsu, na faɗi nawa ne. Ya ja baya ya sake ɗagawa, na faɗa. Hudar da nake leƙe ta cikinta tana nan yadda take, ba ta ƙaru ba. Amma tana nan. Da magariba na sa Kulu ta kunna fitila, na daɗe ina duban harshen wutar. Babu zobe.

Mun yi watanni muna komawa yana dubawa. Ya ce in yi aiki a fili inda haske yake, kada in duƙa a ɗaki mai duhu. Ya ce kada wani abu ya sake shiga idon nan sai wanda ya ba ni. Ya ba mu maganin a gari, cikin 'yan kwalabe da aka toshe da kaki, ya nuna wa Kulu yadda za ta jiƙa kaɗan da ruwan da aka tafasa, kuma in ruwan ya juya ya yi ja ta zubar. Ya ce yankan zai ɗauke yawancin nauyin, maganin kuwa na ranar da idon ya yi tauri ne. Abu na ƙarshe da ya faɗa shi ne ciwon yana bin jini, in na koma in duba 'yan'uwana.

Na tambayi abin da zan biya. Ya ce wanda ya taso daga inda na taso ya riga ya biya a hanya. Akwai jar fata guda da ta rage a ƙasan kayanmu, wadda Kulu ta ɓoye tun daga Gat. Na hau rufin gidan Malam Idi inda rana take, na ɗinka wa madubin nan da wuƙaƙensa gida, kowanne da aljihunsa, na yi masa zane a baki. Aikin da a da zan gama a yini biyu ya ci mini kusan wata, domin sai na bi layin ɗinkin kaɗan-kaɗan. Da na kai masa ya juya shi ya sake juyawa, ya kai hanci ya sansana fatar. Ya ce wani abu. Malam Idi ya ce, "Ya ce yanzu ya san abin da ya tsare."

Daga can muka ƙetare Bahar Maliya muka sauke farali, na ga Ɗakin Allah da idona. Muka komo ta Tarabulus, muka sami Gwaggo da ranta. Kulu ta zuba mata zamzam a tafin hannu, ta saka mata sabon awarwaro da muka yi aikin shekara a Masar muka saya. Mun roƙe ta ta biyo mu gida. Ta ce ƙafarta ba za ta kai ba, kuma ba ta san ƙofar da za ta yi sallama ba in ta je.

Ta Ƙofar Kware muka shigo Sakkwato, shekaru bayan fitarmu. Yaran da muka bari sun zama mutane. Gida ya cika da masu barka, kowa yana tambaya ko na warke. Nakan ce ban warke ba, tsayar da shi aka yi. Wasu ba su gane abin murna a ciki ba.

Da baƙi suka ragu na tara 'yan'uwana a tsakar gida da safe, ni da Kulu muna danna idanunsu ɗaya bayan ɗaya. Suna ta dariya. Da aka zo kan ƙanena Ladan, wanda ke bi mini, mai kwafar littattafai ne da hannu, sai ya ce shi lafiyarsa lau, yana da aiki. Na kama shi na zaunar. Na ɗora yatsuna. Na kira Kulu ta ɗora nata. Ta ɗago ta gyaɗa mini kai.

"Ladan, kana ganin zobe ga fitila?" na tambaye shi.

Ya sunkuyar da kai.

"Tun bara, Yaya. Ban gaya ma kowa ba."

Maganin da ya rage mana ba shi da yawa, kuma babu inda za a samo wani. Na shiga ɗaki na ɗauko kwalaben na ajiye a gabansa. Ya ce ba zai karɓa ba, in nawa idon ya tashi fa? Na ce ni an yanka mini ƙofa, shi ba a yanka masa ba, kuma wannan zai riƙe shi ne kawai har ya isa inda za a yanka. Kulu ta ware kwalba ɗaya ta mayar ɗaki, ta tura masa sauran.

"Kira min matarka," ta ce. "Akwai abubuwan da za ni koya mata kahin ayarin kaka shi tashi."

Sun tafi da ayarin kaka. Ni na koma bakin aikina a ƙofar gida, inda rana ke faɗowa. Kulu takan danna idona kowace safiya kafin ta ɗora tukunya, har ya zama kamar gaisuwa. Ban sake yin zanen alharini ba, amma ina ɗinki, ina kai kaina masallaci, na ga fuskokin jikokina. Ba na yin salla ban ambaci Agali da Gwaggo Yalwa da Malam Idi ba, shi ma hakim ina roƙa masa alheri.

Shekara ta juyo, ta sake juyowa, aka ce ayarin arewa ya iso. Muka fita tarye, mutane maƙil a bakin ƙofar gari. Ina tsaye ina juya kai, ina bin fuskoki ɗaya-ɗaya ta 'yar hudata, ban ga kowa nawa ba. Sai Kulu ta matse mini hannu. Ta ce akwai wani a kan raƙumi, can baya, ayarin bai ko gama fitowa daga cikin itatuwa ba, ya miƙe yana ɗaga hannu. Sai na ji muryar Ladan yana kiran Yaya. Daga wannan nisan, cikin duk taron, ya hango ni.